Kafin Hajiya Ta Kwance Kaskonta

Ladi, 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun sauka lafiya, ke da maigidanki da ƙawata Nana. Allah ya sa kun shiga gidan nan da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Na san tun daga layin farko kin ɓata rai, don ba kya son sunan nan. Sai dai ki yi haƙuri, ran Lahadi na haife ki, kuma ke ce ta fari, bakina bai saba da ɗaya sunan ba.

Na cusa takardar nan a jakar kayan Nana ne, ƙarƙashin tawul, don nan kaɗai na tabbata ba za ki yini ba ki buɗe ba. Kwana arba'in kina gabana kina wanka, kullum sai na ce yau zan zaunar da ke, nauyin baki ya hana ni. Da saƙon murya na tura miki, na san halinki, kina wanke-wanke za ki saurara, ki amsa min da Turanci kalma biyu. To ga shi a rubuce. Ki karanta a tsanake, Hausarki ta isa.

Ranar da muka kai kaya na ƙare wa gidan kallo. Gida ne mai kyau, ban raina ba. Amma lokacin da maigidanki yake nuna wa Babanku tsayin rufin yana yabawa, ni ina bakin taga na kara bayan hannuna a jikin katako, ina jin iska tana shigowa abinta. Gilashi falle ɗaya, daɓen katako, murhun bango da aka toshe tun kafin a haifi kakanninki. Na san irin gidan nan sarai, don a irinsa na yi sanyina na farko a ƙasar nan, layi kaɗan daga inda kuke a unguwar Peckham ta Landan. Ke a Thamesmead kika yi wayo, inda maƙwabcin sama da na ƙasa ke ɗumama mana bango ba tare da sun sani ba. Ba ki san sanyin tsohon gida ba. Boilarku, mai dafa ruwan da ke ɗumama gida, tana aiki, na taɓa na ji, amma ita kaɗai ba za ta riƙe ku ba, dole sai kun ƙara mata da wani abu.

Sannan mako mai zuwa Hajiya, surukarki, za ta sauka daga Gusau. Ina falo lokacin da take waya da ɗanta, na ji da kunnena tana cewa ta ƙullo kasko da turaren wuta, ya nemo mata gawayi kafin ta iso, don mai jego da jinjira ba sa zama a ɗakin sanyi. Ke kina gefe kina murmushi. Wannan kaskon shi ya sa na ɗauki biro. Zan zo kansa, amma bari na fara da ƙananan wautata, don su suka share wa babbar hanya.

Na sauka ƙasar nan da cikinki wata biyar, ganye yana ta zuba. Babanku yana karatu, yana kuma ɗan aiki, ɗaki ɗaya muka kama a saman bene. Radiyetar ɗakin, ƙarfen nan na jikin bango da ruwan zafi ke bi ta ciki, in ka taɓa ƙasanta da ɗan ɗumi, samanta kuwa sanyi ƙalau. Na fi wata guda a haka, na ɗauka iyakar ƙoƙarin wutar Bature ke nan. Ban tambayi kowa ba, don kada a ce amarya baƙauya ce. A ƙasanmu akwai wata nas 'yar Kafanchan, ita ce Anti Rifkatu da kika sani, wadda ke kawo mana cincin duk Kirsimeti. Wata rana ta hawo aron tsintsiya ta tarar da ni a ƙudundune cikin bargo biyu. Ta taɓa radiyetar ta kwashe da dariya.

Ta ce, "Haba amarya, ai iska ce ta cika ta. Tun da kuka zo ba a yi bleeding ɗinta an fitar da iskar ba?"

Ta sauka ta dawo da wani ɗan makulli da bai kai yatsana ba, ta murɗa a kusurwar sama. Abin ya yi huci, ruwa ya ɗigo, ta mayar ta ɗaure. Kafin na gama haɗa mata shayi ɗakin ya fara ɗumi. Kunya da takaici suka rufe ni lokaci ɗaya. Saboda haka kafin ku sayi komai, ku fara gyara abin da ke akwai. Ki bi radiyetocin gidan ɗaya bayan ɗaya ki shafa sama da ƙasa. Na sa miki irin makullin a aljihun jakar nan. Kuma doguwar kujerar da maigidanki ya jingina da radiyetar falo, ku janye ta, don a yanzu bayan kujera kuke ɗumamawa. Ki kuma sa shi ya karɓi takardar duba gas ta bana daga hannun mai gidan, haƙƙinku ne, ba roƙo ba.

Da sanyi ya ƙara kankama, sai Babanku ya shigo da wata hita ta gwanjo, mai sanduna biyu da ke yin ja. Yadda ya ajiye ta a tsakar ɗaki yana kallona, ka ce mota ya sayo min. Ni kuma na mayar da ita murhu. A gabanta nake zama, a gabanta nake cin abinci, a kanta nake shanya safar Babanku. Soket ɗaya ne a kusa, sai na ja doguwar waya na haɗa mata da butar shayi da dutsen guga. Wata safiya na wanke atamfata ta lefe, wadda na fi so, na rataya a kujera dab da hitar, na tafi kicin dama koko. Ƙauri ne ya dawo da ni a guje. Zanin ya ci rabi, kan wayar ya narke ya manne da kafet. Na yi kuka sosai, kuma in gaya miki gaskiya atamfar na yi wa kuka, sai daga baya na gane gidan mutane na kusa ƙonawa.

Ku sayi hita mai mai a ciki, irin mai taya da ke kama da ƙaramar radiyeta. Ba ta saurin zafi, amma ɗuminta yana daɗewa, kuma babu jan wuta a waje. Ki zaɓi wadda ke kashe kanta in ɗaki ya ɗauki ɗumi, ko in ta faɗi. A soket ɗin bango za ki jona ta, ita kaɗai, ba a doguwar waya ba. Kada ki ɗora mata komai, ko da ɗan hankicin Nana ne, kuma ki bar taku biyu tsakaninta da labule da gadon yarinya. Lokaci-lokaci ki taɓa kan wayar, in kin ji zafi ki zare. Hita mai hura iska kuwa ta minti goma ce, lokacin da kike shirya Nana bayan wanka, kina tsaye a wurin, kuma ba ta shiga banɗaki. Wanda duk ya kawo muku hitar kananzir ko ta tukunyar gas, ki yi godiya ki ce ba wurin ajiyewa. Ba sai kun ɗumama gidan gaba ɗaya ba, ku zaɓi ɗakin da kuka fi zama ku riƙa rufe ƙofarsa.

Bayan atamfa ta ƙone na ji tsoron hita, sai na ƙirƙiro wata dabarar da na ɗauka ba wanda ya taɓa yin irinta. In kunna kawunan gas duka, in ɗora tukwanen ruwa su yi ta tafasa, in buɗe ƙofar kicin tururi ya cika ɗaki. Wanki kuma duk a ɗaki nake shanya shi. Da farko abin da daɗi. Bayan sati biyu gilashi ya fara zubar da ruwa, bango ya riƙa gumi, bargo kansa ka ji shi da lema. Ranar wata Juma'a Babanku zai tafi masallacin Regent's Park, ya buɗe wadurob ya jawo babbar rigarsa ta aure, sai ga bayanta ya yi baƙi da fumfuna, haka ma bangon da ke bayan wadurob ɗin. Ya ajiye ta, ya sa kwat ya fita. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Abin da ban sani ba shi ne, gida mai danshi ya fi busasshe sanyi, kuma ya fi wuyar ɗumamawa. Gas na girki ne, ba na jin ɗumi ba, kada ki taɓa buɗe oban, wato tandar gas, don ɗumama kicin. Kowace safiya ki mayar da Nana ɗaya ɗakin, ki buɗe taga na 'yan mintuna iska ta sauya, ko da kuwa ranki ba ya so. Da jinjira a gida wanki ba ya ƙarewa, don haka ku nemi na'urar nan mai tsotse danshi, ki shanya kaya a ɗaki ɗaya ki kunna ta ki rufe. Ki janye wadurob daga bangon waje kamar faɗin tafin hannu. In kin ga baƙi ya fara tsirowa a kusurwa, ki ɗauki hoto ki tura wa mai gidan a rubuce, kada ki tsaya ga maganar baki. Ƙirjin jinjira ba ya jure wannan abin.

Daga nan na shiga yaƙi da iska. Duk inda na ji tana shigowa sai na toshe. Rabin aikin nan daidai ne, kuma ina so ki yi shi. Ki sa dogon matashi a ƙarƙashin ƙofa. Ki shimfiɗa kafet mai kauri a kan daɓen katakon nan, don ta tsakanin allunan sanyi yake hawowa. Ki rataya labule mai nauyi, ki buɗe shi in rana ta leƙo, ki ja shi da zarar ta juya, amma kada ya rufe radiyeta. Akwai siririyar leda da ake mannawa a jikin taga a hura mata iskar na'urar busar da gashi ta miƙe, ba ta da kyan gani amma tana aiki. Labulen da na ba ki, wanda kika ce ya yi kama da na gidan tsofaffi, ki rataya shi, in bazara ta zo kya cire.

Ɗaya rabin shi ne ɓarnar. A saman bangon ɗakinmu akwai wani rami mai raga, akwai wani a jikin tsohon murhun bangon da ke ɗakin. Na ce wane irin magini ne zai bar huji a ƙasar sanyi. Na hau kujera da tsohon ciki, na dunƙula jarida da tsofaffin safa na danna a ciki, na bi da salatef. Na sauko ina jin kaina injiniya. Da Anti Rifkatu ta gani ba ta yi dariya ba a wannan karon.

Ta ce, "Amarya, ki cire wannan, ta nan gidan yake numfashi. Kuma bari in gaya miki tun yanzu, na san mutanenmu. Kada ki yarda kowa ya shigo miki da gawayi ɗakin nan, ko na turare ne. Duk winter sai an kawo mana su a emergency, wasu ba sa tashi."

Na ce to. Ban cire ba, don ɗakin ya fi ɗumi a haka. Amma maganar gawayin ta zauna min a kai daram, ki riƙe wannan. Ke dai duk ramin da kika ga an yi masa raga da gangan, ki bar shi yadda kika same shi. Kuma kada maigidanki ya yi sha'awar buɗe tsohon murhun nan ya hura itace kamar a fim, sai mai gidan ya yarda, masu aikin sun zo sun duba bututun hayaƙin.

Sai aka haife ki a tsakiyar sanyi. Na riƙa naɗe ki da riga uku da hula da bargo biyu, har sai da ƙurajen zafi suka feso miki a wuya, ƙanƙara tana zuba a waje. Hannun jinjiri kullum da sanyi yake, ba shi ake dubawa ba. Ki sa yatsu a bayan wuyan Nana ko a ƙirjinta, in da gumi ki rage kaya. Ba ta barci da hula a cikin ɗaki, ba a sa mata robar ruwan zafi ko bargon lantarki a gado. Ma'aunin zafin da ungozoma ta ce ki rataya, ki rataya shi, ki bar ɗakin barcinta tsakanin digiri sha shida zuwa ashirin. Na san za a ce miki kin bar yarinya tsirara, ki yi murmushi ki ci gaba da abinki.

Yanzu na zo kan kaskon. Abin da zan faɗa miki ban taɓa faɗa miki ba. Kin taso kina jin cewa kin kwanta asibiti kina jinjira saboda mura. Ba mura ba ce.

Inna, mahaifiyar Babanku, Allah ya jiƙanta, ita ta zo min wankan jego. Ba ta taɓa hawa jirgi ba sai a kaina. Ba ki san ta sosai ba, amma ban taɓa ganin mace mai tausayi irinta ba. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke goya ki in samu in runtsa. Sanyin ƙasar nan ya ba ta tsoro, kullum tana cewa ɗanyen jiki ba ya son haka, sanyi in ya shiga mai jego ba ya fita. A cikin kayanta akwai ɗan kaskon ƙasa da ta naɗo a zani. Ta sa Babanku ya sayo buhun gawayin gashi, ta ce na turare ne, shi ma bai kawo komai a ransa ba.

Kwana uku bayan suna, bayan azahar, Babanku yana makaranta. Inna ta sauka bayan gida ta hura gawayinta, ta jira har ya ruru ya daina hayaƙi, sannan ta hawo da shi a kan faranti ta ajiye kusa da gado. Ta barbaɗa turare kaɗan. Ta ce, "Yau dai za ki ji ɗumi irin na gida, 'yar nan."

Maganar Anti Rifkatu ta dawo min tiryan-tiryan. Na buɗe baki na ce, "Inna."

Ta ce, "Na'am."

Na dubi tsohuwar nan da ta bar gidanta ta ƙetaro duniya saboda ni, yatsunta baƙi da gawayi, tana haki saboda hawan bene. Ni amarya ce, haihuwar fari, ban taɓa musa mata ko da kalma ɗaya ba. Sai na ji bakina ya ce, "Sannu da aiki."

Ta rufe ƙofa, ta gyara matashin da ke ƙarƙashinta. Ramukan bango kuwa dama na riga na toshe su da hannuna. Na ce a raina minti goma kawai, in ta shiga banɗaki sai na fitar da shi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ɗumin ya yi min daɗi, tun da na zo ƙasar nan ban ji ɗumi ya ratsa ƙashina irin na ranar ba. Can sai kaina ya fara sarawa. Na faɗa wa Inna, ta ce jego ne, ita ma nata kan yana ɗan yi, in kwanta. Lokacin shan nononki ya yi ya wuce ba ki motsa ba, har na ji daɗi na ce yau yarinya ta huta. Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka ƙi. Daga nan ban san abin da ya faru ba.

Anti Rifkatu ce ta dawo daga aikin safe, ta ga buhun gawayi da toka a bakin ƙofar baya, ta ji ƙamshin turare a bene. Ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta ce ta buga ƙofa ba a amsa ba, ta banka ta shigo. Ke ta fara ɗauka ta fita da ke, ta dawo ta ɓalle tagogi, ta ja ni a ƙasa har bakin bene, sannan Inna. Na farka a motar asibiti da abin shaƙar iska a fuskata, ina tambayar ina kike, ba wanda ya ba ni amsa sai da muka isa. Kwana uku kika yi a can kafin likita ya ce mu gode wa Allah.

Abin da garwashi ke fitarwa ba hayaƙi ba ne da za ki gani ki kauce. Iska ce mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. A gida ɗakunan iyayenmu iska na shiga ta ƙofa ta fita ta rufi, duk da haka can ma ana rasa mutane a ce barci ne ya wuce da su. A nan kuwa, a ɗakin da kika toshe don sanyi ba ta da hanyar fita, kuma jinjiri shi take fara kamawa. Ita wannan iskar, boila ma in ta lalace tana fitar da ita. Akwai 'yar na'ura mai ƙara da ake maƙalawa a bango saboda ita, daban take da ta hayaƙi. Ban ga ko ɗaya a gidanku ba. Ku nemi biyu a satin nan, ɗaya kusa da boila, ɗaya a ɗakin kwana, ki danna ki ji ƙararta da kunnenki. In kuka ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ku duka lokaci ɗaya, ko Nana ta ƙi tashi shan nono, ki ɗauke ta ki fita waje tukuna, sannan ki kira motar asibiti, mayafi ya jira.

Wannan duk za ki iya samu a takardun asibiti. Wanda ba za ki samu a can ba shi ne abin da ya faru ranar da aka sallamo mu. Muna zaune a ɗaki, an cire jaridu daga ramuka, Inna tana riƙe da ke tana ta kuka, tana cewa ita ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Anti Rifkatu tana lallashinta, sai ta ce, "Mama, ba laifinki ba ne, ke baƙuwa ce. Ni amarya na yi wa warning, na manta ban gaya miki ba." Ba da nufin tona ni ta faɗa ba.

Inna ta daina kuka. Ta jira har Anti Rifkatu ta sauka, sannan ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Kin sani?"

Na ce, "Na sani, Inna."

"Kika yi shiru?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kunyarki na ji."

Ta ce, "'Yar nan, ni ban san ƙasar nan ba, ke ce idona a cikinta. Da yarinyar nan ta tafi, da hannuna fa na ɗauko kaskon. Haka kika so in ƙarasa sauran kwanana?"

Ban taɓa jin magana ta shige ni irin wannan ba. Ni na ɗauka girmama ta na yi, ashe ban yi mata adalci ba ko kaɗan.

To Ladi, Hajiya ma haka take. Don ƙaunar jikarta ta ƙullo kaskon nan, kuma ba ta san gidan da za ta shigo ba. Na san ki, a wurin aiki ba mai taka ki, amma a gaban surukai sai ki zama kurma, don tsoron kada a ce 'yar Landan ba ta da tarbiyya. Kada ki bar wa maigidanki maganar, shi yana ofis lokacin da za a hura wutar. Kada kuma ki jira sai garwashi ya shigo ɗaki, a lokacin bakin mutum ya fi nauyi, ni shaida ce. Ranar da ta sauka, in ta ci abinci ta huta, ku biyu kawai, ki durƙusa yadda na koya miki. Ki yi mata godiyar hanya da ta tsaraba. Sannan ki ce, Hajiya, gidan nan ba ya ɗaukar garwashi, yana kashe jarirai. Ki faɗi kalmar, kada ki zagaye ta. Ki nuna mata hitar da kuka tanadar mata a ɗakinta, ki kawo kaskon lantarki ki ce ga na turare, a riƙa yi a falo taga a buɗe, Nana tana wani ɗakin. In ta ce haka aka yi wa ɗanta kuma ga shi ya girma, ki ba ta labarin nan duka, da sunana a ciki, na yarda. In ta yi fushi ki bar ta ta yi, ki kai mata shayi. Za ki iya, ban da shakka, kin fi ni baki kuma kin fi ni sani.

Inna ta yafe min tun kafin ta koma gida, har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ce dai har yau, in barcinki ya yi nauyi, sai na tsaya a bakin ƙofa sai na ga ƙirjinki ya ɗaga sannan in wuce. Kwana arba'in ɗin nan ma haka na yi ta yi, sai dai ƙirji biyu nake dubawa. Ba na so ki gaji wannan tsayuwar.

Allah ya ɗumama muku gidan nan da lafiya da zaman lafiya. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya haɗa kanku, ya raya Nana ya sa ta ga jikokinta. Allah ya sa duk wanda ya kwanta a ƙarƙashin rufin nan ya tashi. Babanku yana gaishe ku. Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan ƙawata.

Wassalam,

Ummanki